Shin ƙuri'a a Littafin Kirista tufka da warwara ce?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Muna yawan tattaunawa da wani abokin aikina Kirista. Na ga littafinsu ya hana duba, amma kuma a wani wurin ya ce ƙuri'a tana raba gardama. Zan iya kafa masa hujja da wannan a kan cewa akwai cin karo a littafin?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, kada ka kafa wannan hujja, domin ba za ta tsaya ba.

Abin da ka gani gaskiya ne. Maimaitawar Shari'a 18:10 ta hana duba da sihiri, Karin Magana 18:18 kuma ta ce ƙuri'a tana kashe jayayya, har Ayyukan Manzanni 1:26 ya kawo cewa da ƙuri'a aka zaɓi Matiyas ya maye gurbin Yahuza a cikin almajiran Annabi Isa sha biyu. To amma ɗauko Alƙur'aninka. Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90, ta haramta azlam, kiban da mushirikan Makka suke neman sanin rabonsu da su. Ali Imrana aya ta 44 kuwa ta ba da labarin waɗanda suka jefa alƙalumansu don yin ƙuri'a a kan wanda zai reni Nana Maryam. Nana A'isha ta ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Ka taɓa jin malami ya kira wannan cin karo? Mai duba gaibu yake nema. Mai ƙuri'a kuwa yana gaban mutanen da haƙƙinsu ya yi daidai ne, babu abin da zai fifita wani, sai a bi hanyar da ba wanda zai ce an yi son kai. Ma'aunin da muka yarda da shi a gidanmu, adalci shi ne mu auna wa maƙwabci da shi.

Inda muka saɓa da su wani wuri ne daban. A Joshuwa sura ta 7, malamansu da yawa sun fahimci cewa da ƙuri'a aka gano Akan, wanda ya ɓoye ganima. A shari'armu ba a kama mai laifi haka: hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musanta. Ƙuri'ar Annabi Yunusa a Saffat 141 ba ta zama hanyar hukunci gare mu ba. Abin yana ci mini rai idan na ji an yi sata a gida an tafi wurin boka ya nuna ɓarawo, a ɓata wa yarinya suna har abada. Wannan haramun ne.

Ƙuri'ar kason gona tsakanin magada bayan an daidaita rabo, ko ta wanda zai fara kwasar adashi, babu laifi.

Abokinka kuma ka yi masa magana da abin da ya fi kyau, kamar yadda Ankabut 46 ta umarta, ka tsaya a kan tauhidi. Wallahu a'alam.