Turanci da kwamfuta ga yaran Afganistan: taimako ne ko ɓarnar kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya. Wani abokina da ke zaune a Ingila ya turo mini sanarwar wata ƙungiyar agaji da ke tara kuɗi domin koya wa marayu da 'ya'yan talakawa a Afganistan Turanci da kwamfuta, yana so in ba da nawa in kuma yaɗa. Abin ya ɗaure mini kai. Ƙasar da kullum labarinta yunwa da girgizar ƙasa, me yaro zai yi da Turanci? Ba gara a saya musu gari ba? Shin ma Taliban tana barin irin wannan karatu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun yunwa kana da gaskiya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a ƙasar bai da tabbacin abin da zai sa a bakinsa. Sai dai gari da aji ba kishiyoyi ba ne, kuma ƙungiyoyin da suka san aikinsu tare suke kawo su, domin yaron da ake magana a kai shi ne mai ciyar da gida.

Ka ɗauki yaran titin Kabul. Wani yana goge takalma, wani yana wanke mota, wani yana tallan cingam, wani kuma yana bin motoci a cunkoso da gwangwanin hayaƙin wani tsiro da suke kira isfand, wanda ake cewa yana kore kambun baka, a miƙo masa 'yan canji. Duk sa'ar da yaron nan ya zauna a aji, uwarsa ta yi asarar kuɗin burodi. Wannan ne abin da wani injiniya mai suna Muhammad Yusuf ya gane lokacin da ya kafa ƙungiyar Aschiana a Kabul a 1995, ana tsakiyar yaƙin basasa. Sunan yana nufin sheƙa. Bai ce yara su bar sana'a ba, domin ya san ba za su bari ba. Sai aka tsara su zo na 'yan sa'o'i, su yi karatu, su ci abinci mai zafi, su koma nema. Duk shirin da ya tsallake wannan lissafi, a makon farko ajinsa zai cika maƙil, kafin wata biyu sai kujeru.

To me ya sa Turanci, alhali harsunan hukuma a can Dari ne da Pashto? Asalin abin daga shekaru ashirin ɗin da suka biyo bayan kifar da gwamnatin Taliban ta farko a 2001 ne. A lokacin, kuɗin ƙasar daga waje yake shigowa, kuma aikin da ke da albashin kirki yana hannun sojojin NATO, ofisoshin jakadanci, Majalisar Ɗinkin Duniya da 'yan kwangilarsu. Saurayin da ya iya Turanci yakan zama tafinta ko magatakarda, ya ɗauki abin da ya ninka albashin malamin makaranta sau da yawa. Shi ya sa ƙananan makarantun kuɗi, waɗanda su ma kwas suke ce musu, suka cika Kabul da Herat da Mazar-i-Sharif, kowane lungu da allon sanarwarsa. Ƙungiyoyin agaji sun shigo ne don wanda ba ya iya biyan kuɗin kwas. Ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban ta shiga Kabul, wannan kasuwa ta rushe. Tafintocin da ake yi wa kallon masu sa'a suka koma ɓuya, Amurka ta riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar, ofisoshi suka rufe. A 2025 kuma Amurka ta yanke tallafin da ya rage, ayyuka suka ƙara tsukewa. Saboda haka idan sanarwar da aka turo maka tana alƙawarin cewa duk wanda ya gama zai samu aiki, labarin shekarun baya take ba ka.

Amma Turancin bai mutu ba. Magungunan da ke shagunan ƙasar yawancinsu daga waje suke zuwa, kuma da dama daga cikinsu da Turanci ake rubuta bayaninsu. Yaron da ke iya karanta kwali ya samu wurin tsayawa a kemis. Ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Dubai ko Sin yana neman mai rubuta masa saƙo. Kamfanonin waya irin su Roshan da Etisalat suna nan, hukumomin agajin da suka rage suna ɗaukar masu tattara bayanai. Tallafin karatu a waje kuwa, sau da yawa ba a ko duba takardarka sai da sakamakon jarrabawar Turanci.

Kwamfutar ma kada ka ɗauka wani babban ilimi ake nufi. Galibi buga rubutu ne, da Word da Excel, da aika imel, da cika fom a intanet. Akwai wani abu da zai ba ka sha'awa a matsayinka na malami: Dari da Pashto da haruffan Larabci ake rubuta su, da 'yan ƙare-ƙare, kamar dai ajaminmu, daga dama zuwa hagu. Yaro zai koyi bugawa da harshensa, amma umarnin da ke kan allon na'urar da Turanci yake fitowa. Shi ya sa darussan biyu suke tafiya tare, ba don wani ya ƙulla wata manufa ba. Wanda ya ƙware yakan samu kujera a shagon buga takardu da kwafi, yana cika wa mutane fom ɗin fasfo da biza, ko ya koma wajen masu gyaran waya. Ba arziki ba ne, amma ya fi gwangwanin hayaƙi, kuma ba ya ƙarewa idan yaro ya girma.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce mai nauyi. Ga yara maza, babu dokar da ta hana. Ƙungiya takan yi rajista a ma'aikatar tattalin arziki, ta jure sa ido da yawan tambaya, ta ci gaba. A tsakiyar 2023 an umarci ƙungiyoyin waje su miƙa azuzuwan da suke gudanarwa ga na cikin gida, shi ya sa za ka ga mai tara kuɗi a London daban, mai koyarwa a Kabul daban.

Ga mata kuwa, ƙofa bayan ƙofa aka rufe. A ranar 23 ga Maris 2022 'yan matan sakandare suka sa kayan makaranta suka tafi, bayan 'yan sa'o'i aka ce su koma gida; daga nan karatun mace ya tsaya a aji shida. A Disamban 2022 aka hana su jami'a, bayan kwana huɗu aka hana mata aiki a ƙungiyoyin agaji, wanda ke nufin malamar da za ta koyar da su ma an zaunar da ita. A Disamban 2024 aka rufe karatun jinya da ungozoma, wanda shi ne ya rage. UNICEF ta ce 'yan matan da aka raba da sakandare sun haura miliyan biyu. Ba wata ƙasar Musulmi da ke da irin wannan doka, kuma ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC da malaman Azhar sun fito sun ce ba ta da tushe a addini. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce maka rigimar tsakanin Musulunci da boko ce.

A wannan hali kwas ɗin Turanci da kwamfuta ya zama abin da ya fi sunansa: ga yarinya 'yar shekara sha biyar, shi ne kaɗai dalilin fita daga gida ta zauna da tsararrakinta. Cibiyoyin kwas ɗin ma an sha rufe su. Yadda ake aiwatar da dokar ya bambanta daga lardi zuwa lardi, wani lokaci daga jami'i zuwa jami'i. A kawar da kai wata shida, rana ɗaya a zo a sa kwaɗo. Wasu suka koma cikin gidaje a ɓoye, wasu suka koma intanet. Makarantar Code to Inspire da Fereshteh Forough ta buɗe a Herat a 2015 don koya wa mata rubuta manhaja ta mayar da darussanta ta intanet. Makarantar kwana ta SOLA, ta Shabana Basij-Rasikh, ɗungurungum ta kwashe ɗalibanta zuwa Ruwanda a Agustan 2021. Masu fita karatu waje ma ba su tsira ba, domin a Agustan 2023 an tare ɗalibai mata a filin jirgin Kabul suna shirin tafiya Dubai. Ga kuma haɗarin rai: harin da aka kai cibiyar Kaaj a unguwar Dasht-e-Barchi ranar 30 ga Satumban 2022 ya kashe fiye da mutum hamsin, yawancinsu 'yan matan ƙabilar Hazara da ke gwajin jarrabawar shiga jami'a. Matiullah Wesa, mai yawo ƙauyuka yana kiran a buɗe wa mata makaranta, wata bakwai ya yi a tsare a 2023.

Karatu ta intanet yana da daɗin faɗa a takardar neman tallafi, a ƙasa kuwa wani abu ne daban. Mafi yawan wutar lantarkin ƙasar saye ake yi daga Uzbekistan da Tajikistan da Iran da Turkmenistan, da hunturu kuma takan yi ƙaranci ƙwarai. Gida ɗaya waya ɗaya, tana aljihun uba ko wa. A ƙarshen Satumban 2025 hukuma ta katse intanet da layukan waya a faɗin ƙasar na kusan kwana biyu, bayan ta fara yanke layin intanet na kebul a wasu larduna. Wadda ta koyi zane ko fassara ta samu mai ba ta aiki daga waje, karɓar kuɗin ma wani yaƙi ne: PayPal, tsarin tura kuɗi ta intanet, ba ya aiki a can, bankuna na tsoron takunkumi, kuɗin kirifto da wasu suka dogara da shi an haramta shi a 2022. Sai dai hawala, wato tura kuɗi ta hannun dillalai ba ta banki ba, mai hawala kuma ya yanki nasa.

Ni a nawa ganin, bayan shekarun da na yi ina duba irin waɗannan shirye-shirye, abin da ya fi kashe su ba hukuma ba ce, son hoto ne. Na taɓa shiga wata cibiya, ba a Afganistan ba, na tarar da kwamfutoci ashirin a jere an lulluɓe su da leda, babu wuta, babu mai gyara, amma rahoton da aka aika wa masu ba da kuɗi cike yake da hotunan bikin raba satifiket. Kai malami ne, ka san wata uku ba ta koya wa kowa harshe. Yaron da bai iya karatu da harshen uwarsa ba, Turancin da za a ɗora masa haddar aku ce. Wannan ya fi shafar 'ya'yan waɗanda aka koro daga Pakistan tun ƙarshen 2023 da kuma daga Iran, miliyoyin mutane, da yawansu a can aka haife su. Wasu da Urdu suka fara karatu, sai an fara zaunar da su a kan Dari ko Pashto tukuna.

Don haka kafin ka sa hannu a aljihu, sa abokin naka ya tambayo maka. Wa ke koyarwa a can, kuma ana biyansa albashi a kan kari? Wata nawa ake yi, sa'a nawa a mako? Yara nawa ne a kan kwamfuta ɗaya, kuma da me ake kunna ta, sola ko janareto? Ana ba da abinci ko kuɗin mota? Cikin waɗanda suka gama bara, nawa ne ke samun kuɗi da abin da suka koya? Ƙungiyar gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya ta ƙarshe, ko da amsar ba ta da yawa. Tunda a Ingila ake tara kuɗin, akwai hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji a can, tana kuma wallafa lissafin kuɗinsu a shafinta. Ya nemo lambar rajistar ya duba da kansa.

Sannan ka sake duba sanarwar da kyau. Idan ka ga fuskokin 'yan mata a fili, da sunan unguwa ko allon ƙofar cibiyar, kada ka yaɗa ta ko da ka yanke shawarar bayarwa. Jami'an da ke rufe azuzuwan nan su ma suna da Facebook.