Tambaya da Amsa: Zaɓe da Zuba Giyar Inabi Mai Kumfa Marar Zaƙi

Tambaya: Barkanku da aiki. Ni sabon ma'aikaci ne a sashen hidimar baƙi na otal. Baƙo ya nemi giyar inabi mai kumfa marar zaƙi, na kai masa mai rubutun Extra Dry, ya kurɓa ya ce ta yi zaƙi. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan rubutu ya sha ruɗa mutane. Kalmomin da ke jikin kwalba suna nuna yawan sukarin da ke cikin kowace lita ne, kuma dokar Tarayyar Turai ce ta tsara su. Brut Nature ba ta kai gram 3 ba. Extra Brut ba ta wuce 6. Brut tana ƙasa da 12. Ita kuwa Extra Dry daga 12 ta fara zuwa 17, wato ta fi Brut zaƙi, duk da sunanta da ke nuna kamar marar zaƙi ce sosai. Mai rubutun Dry ko Sec tana da 17 zuwa 32, Demi-Sec kuma har 50. Saboda haka idan an ce maka marar zaƙi, ka nemi Brut ko abin da ke ƙasa da ita.

Ka kuma duba inda aka yi ta. Champagne ta yankin Faransa mai wannan suna ce kawai, a cikin kwalba take samun kumfarta, kuma sai ta yi aƙalla wata 15 a ajiye kafin a sayar. Cava ta Sifaniya ita ma haka ake yin ta, da aƙalla wata 9. Prosecco ta Italiya galibi a babban tanki ake yi, ƙamshin 'ya'yan itace ya fi fitowa a cikinta, har Brut ɗinta kan yi kamar da ɗan zaƙi a baki. A ganinmu, ga baƙon da ya ƙi jinin zaƙi, Brut ta Cava ko Champagne ta fi dacewa.

Tambaya: Duk lokacin da na buɗe kwalba sai toshiyar ta yi tsalle, kumfa ta malale. Me ke jawo haka?

Amsa: Malama, kusan kullum rashin sanyi ne. Ƙarfin iskar da ke cikin kwalbar Champagne ya kai 5 zuwa 6 a ma'aunin matsin iska na ba (bar), ya ninka na tayar mota fiye da sau biyu. Ruwa mai sanyi yana riƙe iska, mai ɗumi yana sakinta da sauri. Ki sanyaya ta zuwa digiri 6 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas: awa uku zuwa huɗu a firji, ko rabin awa a bokitin da rabinsa ƙanƙara ce, rabi ruwa. Ruwan nan yana da amfani, don shi ke taɓa duk jikin kwalbar. Ƙanƙara zalla tana barin gurabe. Kada ki sa a firiza, in aka manta kwalba na iya fashewa.

Wajen buɗewa, ki goge kwalbar, ki cire takardar wuya, ki ɗora babban yatsa a kan toshiya tun kafin ki taɓa wayar ƙarfen da ta ɗaure toshiyar. Ki warware wayar, murɗa shida ne rabi-rabi, amma ki bar ta a kai, kuma daga nan yatsanki ba ya ɗagawa. Ki karkata kwalbar kamar digiri 45, bakinta nesa da fuskar kowa, domin toshiya ta makantar da mutane ba sau ɗaya ba. Ki riƙe toshiya gam, ki juya kwalbar daga gindi a hankali. Da kin ji toshiyar tana turowa sai ki danne ta kaɗan, ta fita da ɗan huci kawai.

Ki zuba kaɗan, ki jira kumfa ta kwanta, sannan ki ƙara zuwa kashi biyu cikin uku na kofin. Kwalba mai mililita 750 tana ba da kofi shida. Kofi mai tsawo da ɗan ciki ya fi mai faɗin baki, wanda ke sakin iska nan da nan. In kumfa ta mutu tun ba a je ko'ina ba, ki duba wanki: ragowar sabulu ko maiƙo ke kashe ta. In kuma kin ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta lalata giyar, sai a canza kwalba.

Tambaya: Gaskiya ne cokali a bakin kwalba yana hana iska fita?

Amsa: Ba ya hana komai. Marfi mai kama wuyan kwalba ake sawa, a mayar firji, a ƙarar cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Tambaya: Baƙon da ba ya shan barasa fa, me zan ba shi?

Amsa: Ka karanta rubutun jikin kwalbar da kyau. Giyar inabin da aka cire wa barasa tana iya ɗauke da ragowa har kashi 0.5 cikin ɗari, don haka ka gaya wa baƙo wannan a fili, ko ka nemi mai rubutun 0.0. Akwai kuma ruwan inabi da aka ɗura wa iska, wanda bai taɓa zama giya ba, sai dai zaƙinsa ya fi na Demi-Sec nesa ba kusa ba, don haka yana son sanyi sosai, wajen digiri 6.