Hoton ƙwaƙwalwar Baba ya nuna fararen tabo: shanyewar ɓarin jiki ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Daga Argungu nake rubutowa. Mahaifinmu shekararsa 67, ya daɗe da hawan jini, amma sai kai ya sara masa yake shan magani. Kwanan nan tafiyarsa ta yi nauyi, yana jan ƙafa, ga yawan mantuwa. An yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI, aka ce ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa sun lalace. Bai taɓa faɗuwa ba, bakinsa bai karkace ba. Shanyewar ɓarin jiki ce wannan? Wani ya ce mu sayo asfirin a kemis ya riƙa sha kullum.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maku da alheri.

Bisa bayaninka, ɓarin jiki bai shanye ba tukuna, amma abin da ke kawo shi ya daɗe da fara aiki. Asfirin ɗin nan kuma a dakata da shi.

Kai mutumin Argungu ne, ka san fadamar shinkafa. Babban kwalbati zai iya kasancewa lafiya lau, amma idan 'yan ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa cikin fangali suka cushe, shukar da ke can ƙarshe ce za ta fara yin rawaya. Haka ƙwaƙwalwa take. Daga manyan jijiyoyi akwai wasu siraran rassa, faɗinsu bai kai milimita ɗaya ba, da ke nutsawa can ciki, kowanne da ɗan yankin da yake shayarwa shi kaɗai. Shekaru na hawan jini suna kaurara bangonsu, su sa shi tauri, ya fara yoyo. Fararen tabon da aka gani a hoto, wuraren da suka daɗe ba su samun isasshen jini ne. Ta nan saƙonnin tafiya da tunani da riƙe fitsari suke bi, shi ya sa ƙafa ke yin nauyi, mu kuwa a gida sai mu ce tsufa ne.

Idan reshe ɗaya ya toshe gaba ɗaya, sai ɗan wurin ya mutu ya bar rami wanda bai wuce milimita 15 ba. Ƙarami ne, amma idan ya faɗa kan hanyar motsi, hannu da ƙafa za su saki lokaci guda. Likita Miller Fisher na Boston a Amurka ne ya fayyace wannan a shekarun 1960. A duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shanyewar da toshewar jijiya ke kawowa daga nan take. Idan kuma reshen fashewa ya yi, jini ne zai zuba a ƙwaƙwalwa, wannan ya fi kisa. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2010 ya nuna mai yawan fararen tabo haɗarin shanyewarsa ya ninka kusan sau uku.

Mu nan abin ya fi shafarmu. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya a ciki, ya gano cewa toshewar ƙananan jijiyoyi ce ta fi yawa a wajenmu, kusan huɗu cikin goma na masu toshewa. Sakamakon 2018 ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki da hawan jini. Ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu barbaɗa gishiri a kan abinci sun fi shiga haɗari.

Batun asfirin: jijiyar da ke toshewa ita ce dai mai fashewa, asfirin kuwa yana hana jini daskarewa. Wanda ya riga ya shanye ta hanyar toshewa, likita kan ba shi, domin amfanin ya rinjayi illar. Wanda hoto kawai ya nuna tabo, ƙa'idar likitocin Turai ta 2021 ta ce kada a ba shi saboda tabon. Ko a cikin waɗanda suka shanye, gwajin SPS3 mai mutum 3,020 ya nuna daɗewa ana haɗa asfirin da clopidogrel, wani maganin hana jini daskarewa, bai rage maimaituwar ciwon ba, sai ƙarin zubar jini da mutuwa. A wannan gwajin dai, waɗanda aka nemi sauke lambar sama ta awon hawan jininsu ƙasa da 130 sun samu raguwar zubar jini a ƙwaƙwalwa ƙwarai. Gwajin SPRINT MIND na 2019 ma ya nuna tabon yana rage saurin yaɗuwa idan aka matsa wa hawan jini. A Birtaniya, Farfesa Joanna Wardlaw da abokan aikinta suna gwada magunguna biyu, cilostazol da isosorbide mononitrate, a kan wannan ciwo na ƙananan jijiyoyi. Sakamakon farko na 2023 ya ba da fata, amma bai kai a ce a je a saya ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne shan magani sai kai ya sara. Hawan jini galibi ba ya ciwo, jijiyoyin kuwa kullum suna shan bugu. Ku sayi na'urar awo, ku riƙa aunawa safe da yamma kuna rubutawa, ku kai wa likitansa a Birnin Kebbi ko inda ake duba shi, shi zai tsayar da adadin da ya dace da shekarun Baba ba tare da jiri ya kayar da shi ba. A auna suga da kitsen jini da ƙoda. A rage gishiri da dunƙulen magi a tukunyar gidan duka, don ba zai yarda a ware masa miya ba. Zogale da rama da alayyahu su yawaita. Idan yana shan taba ya bari. A kuma tambayi likitan ko hoton ya nuna ɗigon tsohon jini, domin wannan yana canza shawarar magani.

Ranar da kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin minti goma, a tafi asibiti nan take, a yi addu'ar a mota. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko asfirin, zai iya shaƙewa, kuma sai hoto ne zai bambance toshewa da fashewa.