Amsa: daidaita ƙarfin dannawa a waldar guga da juyawa

Malam, ka ce faranti ɗaya ne na alminiyum, saiti ɗaya, amma wani wuri ƙarfen da ya yi laushi na tumbatsa ta gefe, wani wuri kuma rami ke fitowa a cikin ɗinkin. A wannan walda, sanda mai juyawa ce ke haɗa ƙarfen: tsinken bakinta na shiga cikin faranti, kafaɗarta, wato faffaɗan wurin da ke saman tsinken, na gugar samansa. Abin da ka gani alama ce ƙarfin da kafaɗar sandar ke danna faranti da shi ba ya tsayawa wuri guda.

Yawanci laifin dogaro da saitin zurfi kaɗai ne, wato a kulle wa injin iya nutsewar da sandar za ta yi. Faranti bai cika zama kauri ɗaya ba, injin ma yana ɗan lanƙwasa, musamman hannun mutum-mutumi. Bambancin da bai kai rabin milimita ba ya isa ya canja dannawar sosai.

Ka shigar da tsinken da saitin zurfi, domin nan ne ƙarfi ke kaiwa ƙololuwa. Ka tsaya 'yan daƙiƙu wurin ya yi laushi, sannan ka koma saitin ƙarfi, wato ka sa wa injin ƙarfin dannawar da kake so, na'urar auna nauyi ta riƙa ɗaga sandar ko sauke ta. Karkatar da sandar digiri 2 zuwa 3 ta baya tana taimakawa.

Inda aka fi faɗawa: a ƙara gudun juyawa, ƙarfe ya yi laushi, injin ya yi ta nutsa sandar yana neman ƙarfin da aka sa masa har tsinken ya ci farantin ƙasa da aka ɗora aikin a kai. Sa iyakar zurfi, ko yaushe. Kuma kada ka canja juyawa da saurin tafiya lokaci guda.

Ramin ciki ido ba ya ganinsa. In ɗinkin zai ɗauki kaya, kai wa mai gwajin cikin ƙarfe da na'urar sauti ko hoton ciki ya duba.