Ƙudan inuwa a lambun mangwaro: a fesa masa magani?

Wani mai lambu daga Kujama ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ruwa ya sauka yake ganin wani ƙuda siriri mai dogayen ƙafafu da manyan idanu yana zama a kan ganye a inuwa, cikinsa tsukakke daga baya, fukafukansa a ɗan buɗe. Mangwaronsa kuma na zubewa da tsutsa a ciki. Shin wannan ƙudan ne mai ɓarnar?

Malam, Allah ya ba da amfani. Ajiye famfon feshin tukuna. Siffar da ka bayar ta fi kama da ƙudan dangin Rhagionidae, kuma ba ruwansa da mangwaronka. Dangi ne mai ɗaruruwan iri a duniya, yawancinsu ba su wuce santimita ɗaya da rabi ba. Idan ka kama ɗaya ka duba kansa: namiji idanunsa biyu sun haɗe a sama, mace akwai tazara tsakaninsu. A Turai akwai wani irinsa, Rhagio scolopaceus, mai ɗigo-ɗigo a fiffike, wanda aka sani da zama a jikin itace kansa na kallon ƙasa. A yammacin Amurka wasu irin Symphoromyia na cizon mutane da dabbobi, amma galibin dangin ba sa cizo.

Rayuwar ƙudan inuwar nan a ƙasa take farawa. Macen na zuba ƙwai a wuri mai danshi, cikin ruɓaɓɓen ganye ko mushen itace, tsutsar kuma ƙananan halittun cikin ƙasa take ci. Ba ta huda 'ya'yan itace. Shi ya sa kake ganinsa da damina, a gefen fadama da inda inuwa ta yi kauri.

Mai ɓarnar taka wani ne dabam, ƙudan 'ya'yan itace, Bactrocera dorsalis. Asalinsa daga Asiya, an fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003, ya bazu har ya iso mu. Gajere ne kakkaura, da ratsin rawaya a ƙirji. Macen na soka bayan mangwaro ko gwaba ko lemo ta sa ƙwai, sai ka ga ɗan baƙin tabo, wurin ya yi laushi. Tsutsar ta ƙoshi, 'ya'yan su faɗo, ta shige ƙasa ta rikiɗe ta fito ƙuda. To nan ne manoma da yawa ke sakaci: a bar zubabben mangwaro a gindin bishiya yana ruɓewa, sannan a tafi kasuwa sayen magani. Ka riƙa tsince shi kullum, ka ƙulle a baƙar leda mai kauri ka shanya a rana kwana da yawa, ko ka binne a rami mai zurfi. Ka nemi tarkon ƙuda mai sinadarin methyl eugenol a wajen masu kayan gona, yana janyo mazan. Ka kuma tsinki mangwaro da ya ƙosa, kada ka jira ya nuna a sama.

Wani makiyayi daga wajen Kachia ya tambaya ko irin wannan ƙudan inuwar tsando ne, don shanunsa na kiwo a kurmi.

A'a, Alhaji. Tsando idan ya sauka, fiffike ɗaya yake ɗorawa kan ɗaya kamar rufaffen almakashi, bakinsa kuma tsinke ne a miƙe gaba. Na inuwar nan ba shi da wannan tsinken. Amma idan saniya na rama, gashi ya tashi, idanu na hawaye, kada ka tsaya tantance ƙuda, kira likitan dabbobi a gwada jini ko sammore ne. Ƙudan da kake shakka kuwa, jefa shi a ƙaramar kwalba da sifirit don kada ya lalace, ka kai wa malamin gona ko cibiyar binciken tsando ta NITR da ke nan Kaduna.