Tambaya da Amsa: An ce an yafe mini, amma har yau kujerar baya nake zama

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Don Allah a sakaya sunana. Shekara 9 da suka wuce na yi ciki ba aure, a lokacin ina cikin mawaƙan ikkilisiya. Dattawa suka sa ni ƙarƙashin horo, na tsaya gaban jama'a na furta laifina, bayan wata 8 aka maido ni cikin zumunci. Ɗana ya girma, yana makaranta, lafiyarsa ƙalau. Amma tun daga ranar ban sake cin jibin Ubangiji ba. Da zarar an fara raba gurasa da ƙoƙo sai in fita, kamar na manta wani abu a waje. Kujerar baya nake zama, dab da ƙofa. Kwanan baya aka roƙe ni in riƙa koya wa yara ran Lahadi, na ce a'a, irina ba ta isa ba. Wata 'yar'uwa ta ce mini wannan shi ne tawali'u, kuma Allah yana son haka. Ni kuwa ba ni da salama. Baba, tawali'u ne ko mene ne? Kuma yaya mutum zai rabu da kunya ba tare da ya zama marar kunya ba?

'Yarka cikin Ubangiji

AMSA

'Yata, na amsa gaisuwa. Wasiƙarki ta kwana uku a kan teburina kafin na iya ɗaukar biro, domin ta taɓo mini wani tsohon miki. Zan zo gare shi.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, ita ce mai sauƙi. Kalmar kunya a bakinmu tana ɗauke da kaya biyu. Akwai kunyar da ke hana mutum faɗin abin da bai kamata ba a gaban babba, wadda ke sa ya ja da baya in ya hango mummunan aiki. Wannan ado ce, kada ki yar da ita. Akwai kuma wadda muka fara gani a Farawa sura 3, inda Adamu da Hauwa'u suka ɗinka ganyen ɓaure suka rufe jikinsu, suka ɓuya cikin itatuwa da suka ji motsin Allah. Ta farko daga zunubi take janye mutum, ta biyu kuwa daga wurin Allah take janye shi. Ki duba taki ki gani, shekara 9 ke nan, daga me take janye ki? Daga teburin Ubangiji. To, kin san wacce ce. Ki kuma lura da aya ta 21 a wannan sura: kafin su bar gonar, Allah da kansa ya yi musu riguna na fata ya sa musu. Ganyen da suka ɗinka wa kansu bai wadatar ba, sai da aka yi musu sutura daga wani hannu.

Yanzu ga maganar 'yar'uwar nan da ta ce miki tawali'u ne. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ban yarda da ita ba.

Buɗe Yohanna sura 13. Dare ne na ƙarshe kafin gicciye. Yesu ya tashi daga wurin cin abinci, ya tuɓe rigarsa ta sama, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan Bitrus, sai Bitrus ya janye ƙafa. Ya ce har abada Ubangiji ba zai wanke masa ƙafa ba. In da kina zaune a ɗakin, da kin ce kai, wannan bawan Allah ya san girman Maigidansa, ya fi sauran ladabi. Amma amsar da ya samu mai kaifi ce: in ban wanke ka ba, ba ka da rabo tare da ni. Abin da Bitrus ya ɗauka ladabi ne, a gaskiya gardama yake yi da Ubangiji a kan wa zai yi wa wani hidima. Ya fi son ya zama mai bayarwa. Zama a ƙasa da ƙafa mai ƙura a hannun Almasihu ya yi masa nauyi. Masu tawali'u a ɗakin nan su ne waɗanda suka miƙa ƙafa suka yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata.

Zan faɗa miki abu mai ɗaci, ki yi haƙuri da ni. Duk Lahadin da kika fice lokacin jibi, biya kike yi. Kin yanka wa kanki tara, kina biya kaɗan kaɗan, kina fatan wata rana za ki ji a ranki cewa ya isa. Ranar ba za ta zo ba, domin ba a taɓa yanka farashin ba, balle a ce an kai. Kuma can ƙarƙashin wannan biya akwai wani ɗan girman kai da ya sa tsumma don kada a gane shi. Yana cewa: jinin Almasihu ya isa ga zunubin wasu, nawa kam sai na ƙara da tawa wahalar. Manzo Bulus ya rubuta a Afisawa 2:8-9 cewa ta wurin alheri aka cece mu, kyauta ce ta Allah, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Mun saba ɗaukar wannan aya a kan masu taƙama da azuminsu da sadakarsu. Tana kuma magana da mai taƙama da yawan hukuncin da ya yi wa kansa.

Akwai wani wuri a labarin ɗan da ya ɓace, Luka sura 15, da na yi shekaru ina wa'azi a kansa ban lura da shi ba. Yaron yana can wurin kiwon aladu ya tsara jawabin da zai yi wa mahaifinsa. Kashi uku ne: na yi zunubi, ban isa a kira ni ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗaya daga cikin ma'aikatanka. Wannan a aya ta 18 da 19 ke nan. Sai ki sauka aya ta 21, inda ya iso gida ya fara jawabin. Ya faɗi na farko, ya faɗi na biyu. Na uku bai fito ba. Uban ya riga ya juya yana kiran bayi, a kawo riga mafi kyau, a sa masa zobe, a sa masa takalmi. Furcin laifi uban ya saurara. Amma tayin zama ɗan ƙwadago a gidan ubansa, wannan ko bakinsa ba a bari ya kai ba. Ke kuwa kashi na uku kika riƙe. Kujerar nan ta bakin ƙofa, ita ce "ka mai da ni ma'aikaciya".

To, ga mikin da na ce zan zo gare shi. Ina sabon fasto, gemuna bai ko yi furfura ɗaya ba, aka kawo mini maganar wata yarinya mai irin halin da kika shiga. Na tsayar da ita gaban ikkilisiya. Har yau ina ganin yadda ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu, tana murɗa shi, muryarta ba ta kai layi na uku ba, har wani daga baya ya ce ta ɗaga murya. Wanda ya yi mata cikin yana zaune a cikin jama'a, na san shi, dattawa sun san shi, ba wanda ya kira sunansa. Da wa'adin horonta ya cika, sai na sanar a gurguje tsakanin sanarwar taron mako da ta baiko, jimla ɗaya. Wato faɗuwarta mun yi mata shela da ƙarfi, dawowarta kuwa da raɗa. Bayan wata biyu ta daina zuwa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nata.

Sai daga baya na zauna da Yohanna sura 8 da idon wanda aka kama. Malaman Attaura da Farisiyawa sun kawo mace, suka ce an kama ta tana cikin yin zina. Shari'ar da suke jingina da ita, a Firistoci 20:10, ta ambaci namijin da macen duka biyu. Ina namijin? In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Yesu ya ce wanda ba shi da zunubi a cikinsu ya fara jifa, suka zame ɗaya ɗaya, daga manya aka fara. Sa'an nan ya ce mata shi ma bai hukunta ta ba, ta tafi, kada ta ƙara yin zunubi. Ki lura da jerin maganar. Sakin ya riga umarnin zuwa.

Na kawo wannan ne don ki san wani kashi na nauyin da kike ɗauke da shi namu ne, mu shugabanni. Horo yana da wurinsa a cikin ikkilisiya, ban soke shi ba. Amma Bulus, wanda ya umarci Korintiyawa su hori mai laifi, shi ne kuma ya rubuta musu a 2 Korintiyawa 2:6-8 cewa hukuncin da aka yi wa mutumin ya isa, yanzu su yafe masa, su ta'azantar da shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu, don kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi. Horo yana da ranar ƙarewa. Naki ya ƙare a wata na 8. Sauran shekarun ba dattawa suka ɗora miki ba, ba kuma Allah ba.

Game da jibi, na san ayar da ke tsorata ki, ita ce 1 Korintiyawa 11:27, a kan mai ci da sha da rashin cancanta. Ki karanta daga aya ta 20. Abin da ya ɓata wa Bulus rai shi ne masu hali suna riga kowa ci, wani har ya bugu, matalauci kuwa ya tashi da yunwa. Yadda suke ci ne yake tsawata wa, da raina 'yan'uwa. Mace da ta tuba, ta furta, aka karɓe ta, ba ita ake kora a nan ba. Ki tuna su wa suka ci na farko daga hannun Ubangiji: mutanen da a daren nan za su gudu su bar shi, da Bitrus wanda zai yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara.

Shi wannan Bitrus ɗin, a bakin wutar gawayi ya yi musun, a farfajiyar babban firist. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin tekun Galili, wutar gawayi ce kuma aka hura, Yohanna 21:9. A nan aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Ubangiji, sau uku kuma aka ba shi aiki, na farkon shi ne ya ciyar da 'yan tumaki. Ba a ce ya zauna baya tukuna a ga kamun ludayinsa ba. Saboda haka maganar koyar da yara, ki koma wurin wanda ya roƙe ki, ki ce kin sake tunani. In kina jin tsoro, ki fara da taimaka wa wata malama na wata ɗaya ko biyu.

Abu ɗaya kuma da ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Ɗanki yana kallonki. Yaro mai shekara 8 ya isa ya lura cewa mahaifiyarsa tana fita duk lokacin da aka ɗauko ƙoƙo, kuma wata rana zai haɗa lissafi ya ɗauka shi ne dalili. Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba. Ki buɗe masa Matiyu sura 1 in ya ƙara wayo, ya ga Tamar da Rahab da matar Uriya, mata masu tabo a labarinsu, a cikin jerin kakannin Almasihu, an rubuta su ba a ɓoye ba.

Mutane za su yi magana? Wasu za su yi, na mako biyu ko uku. Kafin Lahadin jibi mai zuwa ki je ki ga fastonku, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Ki nemi wata dattijuwa da kika amince da ita ta zauna kusa da ke ran nan, a tsakiya, nesa da ƙofa. Mai yiwuwa hannunki ya yi rawa. Ki miƙa shi haka nan. Ki rubuto mini bayan nan, ina so in ji.

TAMBAYA

Baba, kullum kuna ta maganar alheri, alheri. Ba kwa ganin wannan ne ke sa matasa su yi abin da suka ga dama, su ce ai za a yafe?

Wani dattijon ikkilisiya

AMSA

Ɗan'uwana dattijo, tambayarka ta girme mu duka. Bulus ya yi wa kansa ita a Romawa 6:1, ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. Akwai masu fakewa da alheri, na gansu, kai ma ka gansu. Amma a shekarun da na yi ina wannan aiki, waɗanda suka ɓace mini saboda tsoron tsayawa gaban jama'a sun fi waɗanda suka ɓace saboda an yi musu sauƙi. Mai tsoro ɓoyewa yake koya, yana nan cikin sujada da fara'a, abin yana cinsa a ciki. Dubi Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19. Yesu bai gindaya masa sharaɗi ba kafin ya ce zai sauka a gidansa. Sai da aka shiga gidan, mutane suna gunaguni a waje, sa'an nan mutumin ya miƙe da kansa ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. In kana da wani matashi a rai da ka rubuto wannan, ka fara kai masa ziyara kai kaɗai, kafin maganarsa ta kai zaman dattawa.