Ƙwari sun ci min wake bara, shin in jira sai na gina sito?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Daura: Bara da kaka na sayi wake buhu 30 na ajiye, ƙwari suka lalata buhu 8. Na yanke cewa ba zan sake ajiya ba sai na gina sito na siminti mai kyau, ko da zai kai shekara biyu. Na yi daidai?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma a ganina wannan jiran ba zai amfane ka ba. Kuɗin da ke kwance shekara biyu darajarsa raguwa take yi, kuma ƙwaron wake ba ruwansa da kyan gini. Tun daga gona yake biyo waken, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya, ya ƙyanƙyashe a cikin buhu. Ko a sabon sito zai yi ɓarnarsa.

Buhu 22 sun tsira, to a nan karatun yake. Me ya bambanta su da takwas ɗin? Zauna da littafi ka tuna: a wurin wa ka saye su, a wace kasuwa, a ƙasa suke ko a jikin bango, wane irin buhu ne. Sau da yawa za ka tarar laifin ɗaya ne tak, ko waken bai gama bushewa ba, ko buhun na shan iska.

Bushewa tana da gwaji mai sauƙi. Zuba wake a busasshiyar kwalba, ka ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar shi minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da shi rana.

Sai buhu. Nemi na PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. Kafin zubawa, cika kowace leda da iska ka matsa, in tana huci to ta huje. A matse iskar da ta rage, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaron rashin iska ke kashe shi, saboda haka yawan buɗewa don dubawa shi ke dawo masa da rai. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, don ɓera na huda leda aiki ya ɓaci. Don Allah kada tsoron asara ya kai ka ga zuba Sniper, guba ce ga mai ci, kuma irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Bana ka fara da buhu 10 a ɗakin da kake da shi. Rubuta a jikin kowanne ranar saye, farashi da sunan mai sayarwa. Kuma kada ka jira farashi ya kai ƙololuwa, ba wanda ya san ranar. Tun yanzu ka tsayar da ribar da ta ishe ka bayan cire kuɗin buhu, dako da mota. In ta kai, sayar da rabi, ragowar kuma ka fitar da su kafin sabon wake ya shigo kasuwa.